Wa'adin Wata Uku na Malam Ba'indiye

Ina shekara ta biyu da fara koyarwa a makarantar kwana ta maza a Gumel takardar ta zo. A zamanin nan muna cikin Jihar Kano, duk wata magana mai nauyi daga can take fitowa, cikin ambulan mai ruwan ƙasa, a jakar direban makaranta. Ni Hausa da tarihi nake koyarwa. Kusan rabin waɗanda muke zama ɗakin malamai tare ba 'yan ƙasa ba ne. Akwai 'yan Gana biyu, da Bamisire mai lissafi, da wani ɗan Fakistan mai kimiyya, sai dattijon da ke koyar da Turanci, wanda duk gari ake kira Malam Ba'indiye.

Siriri ne, baƙi har ya fi ni duhu, kansa fari fat, ya ba hamsin baya. Ɗaliban da suka taɓa shiga silima a Kano sukan tambaye shi ko da gaske daga Indiya ya fito, don ba su ga ya yi kama da masu waƙar nan ba. Sai ya yi dariya ya ce ƙasarsu faɗi gare ta, shi daga can ƙarshen kudu yake, inda kwakwa ta fi mutane yawa, kuma yaren da ake yi a silima bai fi su jin sa ba. Hausarsa a kasuwa ya koye ta, tana da ɗan gargada amma ba ta faɗuwa. Ya shekara goma sha uku a garin. Matarsa da 'ya'yansa mata suna gida, sai bayan shekara biyu yake zuwa ganinsu. Ba ya cin nama. Ya shuka zogale a bayan gidansa, kullum yana mamakinmu da muke cin ganye mu bar 'ya'yan, alhali a wurinsu 'ya'yan ne miya.

In ba ni da aji, nakan tsaya a bakin tagar ajinsa kamar mai jiran wani. Ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba. Yakan shigo da abin da ya tsinta a hanya, ko ƙwarya, ko kara, ko tsohon takalmi, ya ajiye a kan tebur, kafin a buga ƙararrawa sai ka ji yaron da jiya ko gaisuwa ba ya iya yi da Turanci yana gardama a kan takalmin nan.

Ranar da takardar ta zo, shugaban makaranta ya tara mu bayan an tashi. Ya karanta ta da Turanci, sannan ya maimaita a hankali. An tsaurara sharuɗɗan ba baƙi izinin aikin koyarwa. Daga yanzu duk baƙon da ke koyar da Turanci sai ya nuna takardar digiri ta asali a kan Turancin, da takardar horon malanta, da shaidar likita, kafin a sabunta masa biza. Wanda bai cika ba, sai ya tattara ya koma gida.

Sauran baƙin ba su damu sosai ba, kowa yana da takardunsa a ƙasan akwati. Malam Ba'indiye ya saurara har aka gama, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da digiri."

Ni kam na ɗauka wasa yake yi. Mutumin da malamai masu digiri ke kai wa wasiƙunsu ya gyara kafin su aika! Ya bayyana mana cewa mahaifinsa ya rasu yana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai ta 'yan mishan, shi ne babba a gida, sai ya kama aiki. Takardar kwalejin nan ita kaɗai gare shi, kuma da ita aka ɗauke shi tun farko, lokacin da ake neman malamai ido rufe.

Shugabanmu bai zauna ba. Ya rubuta wasiƙa, ya je Kano da ƙafarsa har sau biyu. Manyan gari ma sun sa baki. Daga ƙarshe aka turo wani jami'i ya zo ya gani da idonsa, mutum mai tsayi, mai ƙarancin magana, da fayil a hammata. Ya ce minti goma kawai zai yi a aji, don yana son komawa kafin la'asar. Ya zauna a bencin baya. Minti goma ta wuce, aka buga ƙararrawa, wani aji ya shigo, bai motsa ba. Ina bakin taga ina kallonsa, har na ga leɓensa yana motsi yana bin yara.

Da suka fito ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu.

"Baba, da ni na rubuta dokar nan, da na bar maka ƙofa. Amma ba ni na rubuta ba, kuma ba ta da ƙofa. Abin da ke hannuna shi ne wa'adi. Mafi tsawo da zan iya ba ka wata uku ne, zuwa ƙarshen zangon nan."

"Na gode," in ji Malam. "Wata uku ba kaɗan ba ne."

Na zaci zai yi abin da kowa zai yi, ya fara sayar da kayan ɗaki, ya riƙa zaga gari yana sallama. Washegari da safe sai ya tare ni a ƙofar ɗakin malamai.

"Malam ƙarami, babur ɗinka yana da lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baba."

"Me kake yi ran Asabar da Lahadi?"

Abin da ke ransa ke nan. Shekarar da ta wuce aka buɗe makarantun firamare a kusan kowane ƙauye, aka ce kowane yaro ya shiga. Makarantu sun samu, malamai ne babu. Sai aka kwaso waɗanda suka gama aji bakwai, aka ba su horon 'yan watanni, aka miƙa musu alli. Da yawa daga cikinsu an ce su koyar da Turanci, su kansu tsoronsa suke ji. Malam ya ce mini yaran da ke zuwa ajinsa daga hannun waɗannan suke fitowa, kuma ya daɗe yana cewa wata rana zai je ya same su, yana ɗagawa. Yanzu babu sauran wata rana.

Muka aika wa hedimastoci saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa. Asabar ta farko muka nufi Gagarawa da sassafe, ana tsakiyar bazara, zafi tun hantsi kamar a bakin maƙera. Ya hau bayana da laima a hannu ɗaya, da kwalin alli a ɗaya. Sau uku yashi ya kayar da mu kafin mu isa. Duk faɗuwa sai ya tashi ya duba allinsa tukuna, sannan ya tambaye ni ko na ji ciwo. Malamai bakwai muka tarar. Da muka sake komawa, sun haura ashirin.

Haka muka riƙa yi, wannan mako Gagarawa, wancan Maigatari, na gaba Sule Tankarkar, mu sake zagayowa. Litinin kuma yana cikin ajinsa kafin kowa.

Wanda ba na mantawa shi ne wani zama a Sule Tankarkar. Ajin ya yi mana kaɗan, aka fito da benci ƙarƙashin wata tsamiya a bakin hanya. A cikin malaman akwai wani hedimasta dattijo, tsohon malamin yaƙi da jahilci, mai farin gemu da rawani. Yana karanta Turanci, yana rubuta rahoto da shi, amma ba wanda ya taɓa jin ya furta shi. Ya zauna can gefe a kan kujerarsa, wai shi ya zo sa ido ne kawai.

Malam ya ce a samo masa akuya da ƙwaryar ruwa. Aka yi dariya, aka kawo. Ya ɗaure akuyar a jikin benci, ya ajiye ruwan nesa da ita, ya faɗa da Turanci cewa akuya za ta sha ruwa. Ya sa kowa ya faɗa. Ya matso da ƙwaryar don a ce ga ta tana sha. Akuya ta sunsuna, ta kau da kai. Aka fashe da dariya, ni kuwa na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Shi ko a jikinsa. Ya ɗaga hannu kamar wanda aka yi wa kyauta, ya ce, "Madalla! Ta kawo mana darasin da ya fi nawa." Nan take ya juya, ya koya musu yadda ake cewa ba ta sha ba, ba ta sha, ba za ta sha ba, me ya hana ta sha. Ya sa wannan ya tambayi wancan, wancan ya tambayi akuyar. Can da ta ga dama ta tsoma baki ta sha, sai malamai talatin suka ɗauka baki ɗaya da Turanci, ba wanda ya ce su faɗa, wai ga ta tana sha.

Na waiga, na ga hanya ta cika. Masu jakai sun tsaya, wasu mata Fulani sun sauke ƙwaryar nono, wani mai keke ya jingine kekensa. Ba su san abin da ake faɗa ba, amma bakinsu yana bi. Ban taɓa ganin ilmi yana shiga mutane a fili haka ba, kamar ruwan farko a busasshiyar gona, kana tsaye kana ganin ƙasa tana sha.

Sai hedimastan nan ya miƙe. Ya gyara rawani, ya dubi akuyar, ya faɗi jimla guda cikakkiya da Turanci, cewa akuya ta ƙi sha da fari don mutane sun yi mata yawa. Malam bai yi tafi ba, sai ya je ya tsaya gabansa ya ɗan rusuna, ya mayar masa da tambaya. Dattijon ya amsa. Suka yi ta yi su biyu.

Da za mu tafi hedimastan ya raka mu har wurin babur. Ya ce da ni, "Ɗana, shekara ashirin abin nan yana cikina kamar hatsi a rumbun da ba a taɓa buɗewa ba. Wannan bawan Allah da akuya ya buɗe shi. Wai shi ne za a kora?"

Na ce, "Doka ce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

A ƙarshen kowane zama Malam yakan yi musu shifta. Ba shi da littafin da zai raba, sai ya riƙa faɗa suna rubutawa: yau ga abin da za ka shiga aji da shi, ga abin da za ka fara cewa, ga inda yaro Bahaushe zai yi tuntuɓe, ga yadda za ka ɗaga shi. Ya san duk inda harshenmu ke sarƙewa, don shekara goma sha uku yana sauraronmu. Wanda bai samu zuwa ba sai ya ari na wani ya kwafa, yadda ake kwafar littattafan addini a zaure. Kafin wata biyu, darussan sun riga mu isa ƙauyukan da ba mu taɓa takawa ba.

A Maigatari ne, can bakin iyaka, aka yi masa tayin da har yau nake tunawa. Mun gama da malamai, wani Alhaji mai fataucin shanu, wanda ɗansa ya bi ta hannun Malam, ya aiko a kai mu gidansa. Aka kawo fura, aka kawo wa baƙo dafaffen wake don an san halinsa. Alhaji ya kori yara daga zauren, ya matso.

"Malam, ka ga iyakar nan? Raƙumi bai san da ita ba, ni ma ban cika saninta ba. Ina da mutane har Damagaram. Ka hau motar shanu ranar kasuwa, ka yi mako biyu a can. Akwai wanda zai yi maka takarda ko wace iri ake so, da hatimi, da komai. Jandarma nawa ne, na wannan gefen ma ba baƙona ba ne. Ka dawo da digirinka a aljihu."

Na dubi Malam ina fata ya ce to.

Ya ajiye cokali. "Alhaji, na san don ƙauna ka faɗa, kuma ba zan manta ba. Amma ɗanka, da ya kwafi amsar wani a jarrabawa, ka tuna abin da na yi?"

Alhaji ya yi murmushi. "Ka yaga takardar, ka aiko mini da shi."

"To in na dawo da takardar da ban zauna na rubuta jarrabawarta ba, da wane ido zan dube shi? Dokar ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ba ni da digiri, kuma ba ni da shi."

Alhaji ya jinjina kai, ya dube ni. "Malam, ka ji? Mu muke sallah, shi yake tsoron Allah." Bai sake tayar da maganar ba.

Kada a ɗauka Malam dutse ne. A hanyarmu ta dawowa daga Gagarawa wata Lahadi, damina ta riga ta sauka, hadari ya taso mana daga gabas. Muka fake a bukkar wani manomi a bakin gona. Muna tsugune ruwa yana zuba, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban gaya wa matata ba tukuna."

"Baba, saura mako uku fa."

"Na fara wasiƙar sau huɗu. Me zan ce? A can masu digiri suna yawo ba aiki. Wa zai ɗauki tsoho irina? 'Yata ta biyu ba ta gama makaranta ba." Ya juya laimar a hannunsa. "Ina jin tsoro, Malam ƙarami. In ina gaban allo ne kawai ba na ji."

Na ce Allah ba ya barin bawansa. Ya ce haka ne, su ma haka suke cewa. Can ya ƙara da cewa, "Ranar da za ku daina bukatarmu ai ita muka zo nema. Ta dai zo da wuri kaɗan." Da ruwa ya tsagaita ya riga ni fita, ya goge mini sirdin babur da hannun rigarsa.

Ranar tafiya motar makaranta ta kai mu Gagarawa Tasha, inda zai hau jirgin ƙasa mai fitowa daga Nguru zuwa Kano. Ni da shugaban makaranta da malamai huɗu muka raka shi. Mun yi sallama da ɗalibai tun jiya, mun ɗauka mu kaɗai ne. Da muka karya kwana muka hango tashar, direba ya taka birki bai sani ba. Kekuna ne jingine a jikin kowace bishiya. Malaman ƙauye ne, wasu tun bayan asuba suka taso, daga ƙasar Sule Tankarkar, daga Maigatari, daga garuruwan da ban san sunansu ba. Har da wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, daga tsallaken iyaka, wanda ya ce kwafin darussan ya faɗo hannunsa, ya zo ya ga mai su. Hedimasta mai rawani yana gaba. Ba wanda ya kira su. Labari ne ya bi kasuwa.

Malam ya sauko daga mota ya tsaya, ya kasa gaba ya kasa baya.

Jirgi ya yi latti, kamar yadda ya saba. Sai wani malami ya matso da littafinsa a kunyace, ya ce akwai wurin da bai tabbata ya kwafa daidai ba. Malam ya zauna a kan akwatinsa, ya zaro jan biro daga aljihu. Shi ke nan, layi ya kafu. Ya yi ta dubawa yana gyarawa, yana kiran kowa da sunansa da sunan ƙauyensa, yana tuna wa wannan harafin da yake haɗiyewa, yana tambayar wancan jikin mahaifiyarsa. Mutum fiye da yadda zan iya ƙirgawa, wasu sau biyu kawai ya taɓa ganinsu, bai ɓata sunan ko ɗaya ba. Ina tsaye a bayansa riƙe da laima.

An kawo masa kaji, da ƙwai, da gyaɗa, da tabarmi. Ya ce jirgin sama ba zai ɗauki kaza ba, ya roƙa a kai wa masu dafa abincin ɗalibai. Tabarma ɗaya ya karɓa.

Da jirgi ya iso, ya hau matakala ya juyo. Na zaci zai yi jawabi da Turanci. Sai ya haɗa hannuwansa biyu a ƙirji, ya ce da Hausarsa mai gargada, "Jama'a, na zauna da ku shekara goma sha uku. Wanda na ɓata wa, ya yafe mini."

Wurin ya ɗauka gaba ɗaya: "Mun yafe! Mu ma ka yafe mana! Allah ya kai ka gida lafiya!" Mai tutar tasha, wanda bai san shi ba, ya riƙe tutarsa a ƙasa har sai da hayaniyar ta lafa, sannan ya ɗaga.

Bayan hutu ba a turo kowa a madadinsa ba. Zango guda cur 'yan aji ɗaya ba su da malamin Turanci, sai shugaba ya kira ni ya ce tunda ni na fi kowa jin darussan, in riƙe su kafin a samu mai digiri. Na riƙe su shekara biyu. Wanda aka turo daga baya ɗan ƙasa ne, saurayi mai ƙoƙari, kuma ya yi aikinsa da kyau.

Wasiƙa ɗaya na samu daga Malam, wajen wata biyar da tafiyarsa, a siririyar takarda shuɗiya. Ya ce ya sami iyalinsa lafiya, matarsa ta yi kuka kwana ɗaya sannan ta ce gara da ya dawo da ƙafarsa. Makaranta ba ta ɗauke shi ba. Amma samarin garinsu sun fara tururuwa zuwa ƙasashen Larabawa neman aiki, direbobi da magina da masu gyaran wuta, kuma ba a ba su biza sai sun iya amsa tambaya da cika takarda da Turanci. Su yake koya wa a barandar gidansa, safe da yamma, har wurin zama yana ƙaranci. Ya ce in gaida kowa, ya jero sunaye har bayan takardar.

Na kai gaisuwar duk inda na iya kaiwa. Na amsa masa sau biyu. Duka biyun ba a dawo mini da amsa ba, ban kuma sake jin labarinsa ba.